Tsawon 'Yar Ƙanwata

Wata guda muka haihu ni da ƙanwata. Na riga ta da kwana tara, ni a asibiti a Dutse, ita kuma a ɗakinta, a wani ƙauye gaba da Aujara, inda take aure a gidan Baffa, yayan mahaifinmu. Babban ɗansa take aure, wanda muka taso muna kira Hamma. Duk mata muka samu. Da na gama wanka na je ganinta, muka kwantar da jariran a tabarma ɗaya, matan gida suna tsokanarmu wai mu kula kada a yi musanya. A lokacin tata ta fi tawa kumatu, har na ɗan ji kishi.

Ni malamar firamare ce, a unguwar Yalwawa a Dutse muke zaune, saboda haka sai an yi hutu nake leƙa ƙauye. Shekarar farko ba abin da na gani. Bayan yaye ne abin ya soma. Na je wani hutu suna da shekara biyu, na ga wuyan yarinyar ya yi siriri, tana zaune a gindin turmi ba ta bin yara. Na tambayi uwarta, ta ce gudawa ce ta haƙori, kowane yaro yana yi. Na yarda, domin na fi son in yarda. Na sha fura, na kwashi tsarabar kuka da daddawa, na hau mota na dawo. Har yau in na tuna wannan dawowar sai in ji haushin kaina.

Suna da shekara uku da rabi na koma, bayan an gama kaka, wannan karon da 'yata. Muna shiga gida yaran biyu suka tsaya kusa da juna suna kallon-kallo. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kan 'yar ƙanwata da ƙyar ya kai haɓar tawa. Rigar da ke jikinta tsohuwar rigar 'yata ce da na aiko tun bara, kuma har lokacin tana jan ƙasa. Gashinta ya yi ja, ya yi sharara, ana ganin fatar kai. Gefen bakinta duk ya tsage, akwai wasu ƙuraje masu ɓawo a bayan gwiwarta da tsakanin cinyoyinta, ga wani ɗan rauni a ƙafa da ƙuda ke bi.

“Wannan ciwon na yaushe ne?” na tambayi ƙanwata.

“Tun damina, Adda. Kara ne ya soke ta a gona. Sai ya yi kamar zai warke, sai ya dawo.”

“Gudawar fa?”

“Tana zuwa tana tafiya.”

Da aka kawo tuwo na zuba ido. 'Yata ta sa hannu tana ci kamar an aiko ta. Ita kuwa ta ɗebi loma guda, ta juya ta a baki, ta tofar, ta kau da kai. Uwarta ta lallashe ta, ta yi mata tsawa, ta ɗauko tsinke ta yi barazana, duk a banza. Inna, matar Baffa, tana daga ƙofar ɗakinta ta ce a ƙyale ta, haka Allah ya yi ta, marar ci ce, kuma gajerun mutane ba a kanta aka fara ba. Na dubi Hamma da ke shigowa yana sunkuyar da kai don kada ya bugi ƙofar zaure, na rasa inda gajartar ta fito a zuri'armu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan ba na yunwa ba ne. Rumbuna uku cike da gero. Buhunan riɗi a jingine a zaure suna jiran masu saye. Awaki sun cika turke, zabi suna yawo a bayan gida, shanun Baffa kuwa ko a Aujara an san da su. Amma kwana uku da na yi, abin da na ga yara sun ci bai wuce koko da safe ba, fura da tsala da rana, tuwon gero miyar kuka da yamma. Kindirmo da man shanu da ƙwan zabi duk kasuwa suke tafiya. Ranar da aka yanka kaza saboda zuwana, aka kai wa maza a zaure, aka zubo mini cinya, yara suka samu romo da ƙafafu.

Na roƙi Baffa ya bar ni in tafi da yarinyar da uwarta Dutse a duba ta. Inna ta ce an yi rubutu, an yi saƙe-saƙi, an yi turare, me ya rage. Baffa ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, “Mako guda. Kada ki riƙe mini su.”

Mun yi sammako zuwa asibiti, amma sai wajen azahar layi ya zo kanmu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗora ta a sikeli, ta tsayar da ita jikin allon awo, ta zagaya mata wani ɗan tef a damtse. Ta tambayi shekarunta, ƙanwata ta faɗa, ta sake tambaya don ta zaci ba ta ji daidai ba. Likitar da muka gani mace ce, ba ta da yawan fara'a, amma ba ta yi mana gaggawa ba. Ta duba bakin yarinyar, ta duba ƙurajen, ta shafa gashin. Sannan ta sa ƙanwata ta lissafa mata abin da yarinyar ke ci daga safe zuwa dare. Lissafin bai yi nisa ba ya ƙare.

“Nama fa? Kifi? Wake?”

“Nama sai da Sallah, ko in an yi suna,” in ji ƙanwata, tana kallon ƙasa.

Likitar ta ce abubuwa da yawa sun yi wa yarinyar ƙaranci, amma alamun da take gani sun fi nuna ƙarancin wani sinadari da ake kira zink. Ta ce ɗan kaɗan jiki yake bukata, amma kullum, domin ba ya ajiye shi. Da shi yaro yake tsawo, da shi fata take warkewa, da shi hanji yake tare cuta, har ɗanɗanon abinci a harshe da shi ake ji. Ta ce wataƙila tuwon da muke ganin tana ƙi, a bakinta ba shi da maraba da ƙasa. Gudawa tana wanke shi daga jiki, rashinsa kuma yana buɗe wa gudawa ƙofa, haka abin yake ta zagayawa. Ta ce gwajin jininsa ba a cika yi ba a nan, kuma ko an yi ba kullum yake faɗin gaskiya ba, don haka za ta ba da magani mu ga yadda jikin zai amsa.

Sai ta juya ga ƙanwata ta ce, “Da take gudawa ba ki taɓa kai ta sha-ka-tafi ba?”

“Na kai ta, har sau biyu.”

“Ba su ba ki wata ƙwaya ba tare da garin ruwan gishiri da sukari? Wadda ake narkarwa a cokali?”

“Sun ba ni.”

“Kwana nawa kika ba ta?”

Ƙanwata ta ce kwana biyu. Ran farko yarinyar ta yi amai, ran na biyu gudawar ta tsaya, sai ta ga ba amfanin wahalar da ita. Ragowar tana nan a cikin kwalla, ta ajiye saboda gaba.

Na ji kamar in fasa ihu a ofishin nan. Maganin yana cikin ɗakinta, a ƙarƙashin zannuwa, wata da watanni. Likitar ta ce ƙwayar nan zink ce, kuma ana son a cika kwana goma zuwa sha huɗu ko da gudawar ta tsaya. Ƙanwata ta ce wallahi ba wanda ya faɗa mata haka, an dai miƙo mata ta taga an ce ɗaya kullum. Na gaskata ta. Na san tagar, na san yadda ake miƙo magani ana kiran na gaba. Na rasa wanda zan ji haushi, ita ko su.

Kafin mu fito likitar ta ce ƙwaya ta ɗan lokaci ce, tukunya ce maganin gaske. A ba ta nama ko hanta ko kifi gwargwadon hali, a haɗa da ƙwai, wake, gyaɗa da riɗi. Ta ce gero da dawa ma suna da shi, sai dai akwai abin da ke cikin ƙwayar hatsin da yake riƙe shi, ya hana jiki sha. In an jiƙa hatsin ya kwana, ko an bar ƙullu ya yi tsami, riƙon yana sassautawa. Ni kuma na yi tambayar da ke cina tun safe.

“Likita, za ta kamo sa'o'inta a tsawo?”

Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce ƙuraje za su warke, ci zai dawo, ƙarfi zai dawo. Amma tsawon da yaro ya rasa a shekarunsa na farko ba kasafai yake dawowa duka ba. Ta ce da an zo da ita tana shekara biyu, da maganar ta fi haka daɗi. Ban gaya mata cewa na ga yarinyar tana shekara biyu ba.

Mako gudan Baffa ya zama uku, domin na ƙi mayar da su. Kullum da safe kafin in tafi makaranta, da hannuna nake narkar da ƙwayar, bayan ta ɗan ci wani abu don kada ta yi amai. Na koma dama koko da garin gyaɗa da riɗi. Maigidana, wanda bai taɓa ce mini don me ba a kan lamarin, yakan biyo da hanta daga wurin mahauta in ya taso aiki. Kwanakin farko sai an yi dambe. Wajen kwana na takwas ina soya ƙosai, sai na ji an ja mini zane. Na waiwaya, ita ce, ta miƙo hannu. Ta ci uku a tsaye, ta ce a ƙara. Ƙanwata ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da gyale tana kuka. A mako na uku gefen bakin ya haɗe, raunin ƙafa ya bushe, har ta fara ƙwace wa 'yata kayan wasa suna faɗa. Ban taɓa jin daɗin faɗan yara irin na lokacin ba.

Saƙon Baffa ya zo sau biyu ta wayar Hamma, na uku ya zo da zafi. Na ce to ni zan raka su, domin akwai maganar da nake so in yi da bakina.

Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi. Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, Hamma yana gefe yana gyaran igiya. Na faɗi abin da likita ta ce, a hankali, yadda na tsara a mota. Na ce ba wani abu mai yawa nake roƙo ba. A bar wa yaran gidan ƙwai ko da ɗaya ne a rana, a rage kwano kaɗan na riɗi da wake kafin a ɗaure buhu, a bar musu kindirmo maimakon tsala, in an yi yanka kuma a cire musu tsoka.

“Ƙwai?” in ji Inna. “So kike ki koya mata sata? Yaron da ya saba da ƙwai akurkin maƙwabta yake ƙarewa.”

Na ce, “Inna, tawa kullum tana ci, ban ga ta ɗauki na kowa ba.”

Baffa ya ɗaga hannu, Inna ta yi shiru. Ya ce ya gode da ɗawainiyar da na yi, Allah ya saka. Amma shi da fura da nono ya girma, da su ubana ya girma, ga shi kuwa ba wanda ya kai su tsawo a ƙasar nan. Bai san wani zink ba. Ya ce mutanen asibiti kullum sai sun samo sabon suna sun ba wa abin da Allah ya riga ya hukunta.

Da na tsaya a nan, na ce to, na bari sai wani zuwan, wataƙila da abin ya fi sauƙi. Amma raina ya riga ya ɓaci. Na ce, “Baffa, ku a ruga kuka tashi, nono daga hantsa kuke sha har ku ture ƙwarya. Yanzu rabin shekara shanun suna kudu, ɗan abin da aka tatsa kuma kasuwa yake tafiya. Ba abincinku yaran nan suke ci ba, sunansa kawai suke ci. Akuya a gidan nan ta fi jikarka samun kulawa.”

Hamma ya ajiye igiyar ya fita, bai ce uffan ba, kuma 'yarsa ake magana a kai. Shirun nan nasa ya fi maganar Inna ƙona mini rai. Baffa ya dube ni ya ce, “Boko ya yi rana.” Daga nan ya juya ya ci gaba da jan carbinsa. Na tashi ko ruwan gidan ban sha ba, na bi motar yamma.

Mahaifinmu ya kira ni ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, ya sa na koma na ba da haƙuri bayan wata biyu. Baffa ya ce ya yafe. Amma tsarin gidan bai canja ba ko da ƙwayar gero. Kuma maganata ta jawo wa ƙanwata abin da ban yi tunani ba, domin duk abin da ta nema wa yarinyar sai a ce, “To, likitar Dutse ce ta aiko?” Na so in buɗe mata ƙofa, sai na ƙara rufe ta.

Ita ce dai ta yi abin da za ta iya, a ɓoye, ba tare da ta yi gardama da kowa ba. Ta sayi kaji biyu nata na kanta, ta ce na kiwo ne, ƙwan kuma bai taɓa zuwa kasuwa ba. In an gama sussukar riɗi takan bi wurin ta tattara wanda ya zube, ta wanke, ta yi kantu. Ta koma jiƙa gero ya kwana. Lokacin da fara ta sauka a gonaki takan soya wa yarinyar da ƙannenta. Ni kuma duk wanda zai je ƙauye sai na ba shi busasshen kifi da ƙuli-ƙuli, a ce tsaraba ce. Gudawar ta ragu ƙwarai, gashin ya yi baƙi, ƙurajen ba su dawo ba. Ƙannenta biyu da aka haifa daga baya sun fi ta samun sa'a, domin uwarsu ta riga ta san abin da take tsoro.

Tsawon ne bai zo ba. Tana ƙaruwa, amma a hankali, tazarar da ke tsakaninta da 'yata kuma ba ta taɓa rufewa ba. Da ta isa shiga makaranta, malamin ƙauyen ya dube ta ya ce a dawo da ita baɗi, ba ta kai ba, aka yi ta rantsuwa bai yarda ba. Ta yi asarar shekara guda a kan haka. Da ta shiga kuma yara suka laƙaba mata suna saboda ƙanƙantarta, har ta fara ƙin zuwa. Wannan ya sa bara na sake durƙusawa gaban Baffa, wannan karon da harshe mai laushi, na roƙi a ba ni ita ta yi karatu a wurina. Ya ba ni.

Yanzu shekararsu goma. Tana aji ɗaya ƙasa da 'yata, tana da ƙoƙari a lissafi, karatu ne yake ɗan ba ta wuya, ban kuma san ko wannan yana cikin abin da aka rasa ba ko haka take. Ba ni da hanyar sani, wannan ma yana damuna.

Farkon zangon nan na kai su wurin tela a kasuwa a auna musu kayan makaranta. Ya auna 'yata ya rubuta, sannan ya ce, “To, ƙanwa, matso.” 'Yata ta ce ai sa'arta ce, kwana tara kawai ta ba ta. Telan ya yi dariya, ya zaci wasa ne, har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Yarinyar ta tsaya ƙyam aka gama awon. Sai da muka fito muna jiran adaidaita sahu ta matso kusa da ni.

“Umma, in na ci gaba da cin wake da kifi, zan kai ta?”

Na ce za ta ƙara tsawo, akwai sauran girma a gabanta, musamman in ta fara zama budurwa.

“Amma zan kai ta?”

Na ce ban sani ba, wataƙila ba za ta kai ta ba. Ta juya tana kallon titi. Can ta ce to a gaya wa telan kada ya yi mata rigar da yawa, domin ta gaji da naɗe hannu. Na koma ciki na gaya masa, ya ce ai yara girma suke yi, gara a bar mata wuri. Na ce ya yi yadda ta ce.